Muryar Jar Motar Baba

Griffith, watan Mayu, 1991

Zuwa ga Anti Melva,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya sanyin Tanunda, ya gwiwar nan taki? Ni ne Nevio, ɗan marigayiya Irma 'yar kawunki. Rabonki da ganin rubutuna tun ina makaranta, kuma bai gyaru ba, sai ki yi haƙuri da shi. Na so in buga miki waya, sai na tuna a wurin jana'izar Kawu Erwin kin ce kunnenki ya daina jin waya.

Mu nan lafiya, sai dai Baba. Muna gama cire inabi ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, in na ba shi miya ba gishiri yana hararata kamar da. Amma likita ta ja ni gefe ta ce zuciyarsa ta gaji, in akwai abin da nake so in yi masa kada in jira zafi ya shigo.

Abin da yake so na sani. Na juya gadonsa ya fuskanci taga, kuma ba itatuwan lemo yake kallo ba, gareji yake kallo. Jar motar nan tasa ta Italiya ba ta motsa ba tun faɗuwarsa. Ranar Lahadi yana barci na je na tayar da ita da kyar. Anti, tari take tana karkarwa kamar mai masassara, ga baƙin hayaƙi. Na yi maza na kashe ta, don ba na so ya ji ta a haka.

Kin san bai taɓa barin kowa ya sa hannu a injinta ba, har ni. Kafireto biyu gare ta, kuma da kunne yake daidaita su. Sai ya yanko guntun tiyon ban ruwa, ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireto, ya rufe ido, ya karkata kai kamar kaza ta ji inuwar shaho, ya murɗa ƙusa ɗan kaɗan. Na gwada tiyon. Iska kawai nake ji.

Shi ne na tuna agogon nan na Kawu Erwin da ake auna iskar kafireto da shi, wanda duk Kirsimeti yake aiko wa Baba a kwali, Baba kuma ya mayar masa da shi haɗe da guntun tiyo. In lissafina daidai ne, a wurinku ya kwana a shekarar da Kawu ya rasu. In yana nan, don Allah ki ara mini. So nake in gyara ta sumul, in turo Baba a keken marasa lafiya zuwa ƙofar gareji ya ji ta. In jikinsa ya yarda, in ɗauke shi mu bi bakin magudanar ruwa har Yenda mu dawo, yadda yake yi da Mama bayan coci.

Ki gaida ɗanki Ian da yara.

Ɗanki,
Nevio

*

Tanunda, watan Yuni, 1991

Nevio ɗana,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, gwiwa kuwa tana nan tana mulkinta. Rubutunka ya fi na likitana, kada ka damu. Na yi kuka da labarin ubanka Tullio. Mutumin da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance, a ce yau shi ne ba baki. Ka sumbace shi a goshi ka ce in ji ni, ko da zai harare ka.

Ga agogon nan a kwali. Na same shi a inda Erwin ya rataye shi, da zanen siffarsa a bango yadda ya yi wa kowane sifana. Ya sha faɗa mini cewa da wannan abu, kafin shayi ya huce motar Tullio za ta koyi magana kamar mutum mai hankali.

Ka tuna mini da Mildura. Duk shekara nan muke haɗuwa, ku daga gabas mu daga yamma. Kullum mu ne farkon isa. Erwin ya zauna a kan bonet ɗin farar motarsa ta Jamus yana duba agogon hannu, can sai ga ubanka, mai har gwiwar hannu, uwarka tana warin fetur tana dariya.

Erwin ya ce, “Tullio, a kafaɗa ka ɗauko ta ne yau ma?”

Ubanka ya ce, “Kai Bajamushe, rufe mini baki. Taka mota ce? Firij ne aka sa wa taya.”

“Firij ɗina ya iso tun safe.”

“To ya iso, sai me? Me ya faru da kai a hanya? Ba komai! Me za ka ba mutane labari?”

Haka za su yi ta yi har a kawo abinci. Ni a lokacin ina bayan mijina. Tamu ba ta taɓa zubar da ɗigon mai a ƙasa ba, in sanyi ake tana ɗumama ƙafa, in an aika neman kayan gyara suna zuwa ranar da aka ce. Ta ubanka kuwa sai an lallashe ta kamar jaririya.

Amma bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa Ian ba. Washegarin da muka binne Erwin, Ian ya ce bari ya matsar da ita don baƙi su sami wurin ajiye motoci. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, lafiya lau, kamar ba abin da ya faru a gidan. Na tsaya a ƙofa na ce mata, ke ko kunya ba kya ji? Tun ranar ban shiga cikinta ba. Taku aƙalla ta san maigidanta ba shi da lafiya.

Duk da haka, in jar ta ƙi, ka hau bas ka zo ka ɗauki wannan. Ba za ta bar ku a hanya ba, kujerarta kuma ta fi taushi ga mara lafiya.

Na sa maka kek ɗin zuma a ƙasan kwalin. Ka jiƙa wa Tullio a madara.

Antinka,
Melva

*

Griffith, watan Yuli, 1991

Anti Melva,

Ina gaisuwa. Kwali ya iso, mun gode da kek. Agogon Kawu ya yi aikinsa. Mota ta daidaita, ba tari, ba hayaƙi. Baba ya ji ta.

Mun shiga tsinkar lemo, zan rubuta in na sami sarari.

Nevio

*

Tanunda, watan Yuli, 1991

Nevio ɗana,

Kai madalla! Na karanta 'yar wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin gidan waya, na yi ta dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ranar Lahadi na je kabarin Erwin na ce masa, to tsoho, ka ci gardamar, sai dai ka makara.

Amma kai ma ka cika rowar magana. Layi huɗu? Wannan halin dangin uwarka ne, na Tullio ba su san shi ba. Ba ni labari. Me ya yi da ya ji ta? Ya yi murmushi? Kun je Yenda? Ka sa masa hular nan tasa ta fata? In akwai mai kyamara a kusa a ɗauke ku hoto a cikinta, zan sa shi kusa da na bikin iyayenka.

Ka riƙe agogon, na ba ka. Ni me zan auna da shi?

Antinka mai farin ciki,
Melva

*

Griffith, watan Agusta, 1991

Anti Melva,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta daɗe a aljihuna, na rasa ta inda zan fara. Laifina ne da na rubuta miki gajere har kika ɗauka labarin daɗi ne.

Ga yadda aka yi. Na wanke kafireto, na canza fulogi, na zubar da tsohon mai. Sannan na ɗora agogon ina murɗa ƙusoshin nan, huɗu ne, har allura ta tsaya wuri guda a ko'ina. Anti, ban taɓa jin ta haka ba. Ta kwanta a silo kamar keken ɗinki. Na ɗora kofin ruwa a kan inji, ruwan bai ko motsa ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Da rana ta ɗan yi ɗumi na yi masa aski, na lulluɓe shi da bargo, na turo shi. Tun daga bakin famfo ya gane inda za mu, numfashinsa ya canza. Na ajiye shi a ƙofa na ce, “Baba, shirya kunnenka.” Na tayar.

Ya rufe ido, ya karkata kai. Na taka totur na saki. Ya jira. Na sake takawa na saki. Ya ƙara jira, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu yana sauraron takun da ya sani. Sai ya buɗe ido ya dube ni, bakinsa yana ta rawa. Tun faɗuwarsa bai furta kalma ba, sai ranar. Ya ce, “Erwin.”

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Sai na ga hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ta motsi. Ya juya kai wajen bango, ya yi mini alama da hannun hagu in mayar da shi ɗaki.

A nan na gane. Tarin da na tarar kashi biyu ne. Akwai na zama, akwai kuma nata na asali, wannan ɗan tas-tas da take yi a salansa in an ɗaga ƙafa. Tun ina cikin zanin goyo nake jin sa, amma kullum Kawu yana tsokanar Baba a kansa, sai na ɗauka ciwo ne da Baba ya kasa warkarwa. Ashe shi ya sa mata da hannunsa. Ƙusoshin nan suna nan yadda ya bar su ranar Lahadinsa ta ƙarshe a tsaye, ni kuma na zo na murɗe su duka, ban sa alama ba, ban ƙirga ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na koma na yi ta juyawa ni kaɗai. In na taɓa ɗaya, sauran su kauce. Takan yi tari, amma tarin wata ce daban.

Yanzu ya daina kallon taga. Da kansa ya nuna in juya gadon.

Na gode da tayin farar motar, amma ba zan iya sa shi a cikinta ba. Kin gane.

Nevio

*

Tanunda, watan Agusta, 1991

Nevio, ɗana, ɗana,

Ka yafe mini wasiƙar nan ta dariya. Da zan iya bin ta gidan waya in ƙwato ta da na yi. Kuma ni ce babba, ni ya kamata in tsaya in yi tunani kafin in ɗaure kwalin.

Erwin ya san ba za a taɓa amfani da agogon ba, shi ya sa yake aikawa. Wata shekara a hanyarmu ta dawowa daga Mildura na ce masa, kai kuwa me ya sa ba za ka gyara wa bawan Allah motarsa ka huta ba? Ya ce, “Melva, wannan ba lalacewa ba ce. Mutumin da ya iya sa mota ta yi wannan ƙarar da gangan ya fi ni kunne. Amma in kika faɗa masa na faɗi haka, na sake ki.” Ka karanta wa Tullio wannan. Erwin ba ya nan balle ya sake ni.

Uwarka kuma ta taɓa gaya mini dalili. Gonarku tana bakin hanya, motoci suna wucewa duk yini. In Tullio ya ɗaga ƙafa a kwanar gadar magudana, sai motar ta yi wannan ƙarar, ita kuma ta san shi ne, ta zuba taliya a tukunya. Ta ce a duk Griffith ba macen da taliyarta ke isa tebur daidai kamar tata.

Na zauna na rufe ido ko zan tuna maka yadda take, in rubuta. Na kasa. Abin da ya rage mini a ƙirji nake jin sa, kamar mutum yana dariya ya ƙware. Wannan ba zai taimaki sukundireba ba.

Amma ji nan. Kunnensa lafiya, hannunka lafiya. Ka daina shiga garejin nan kai kaɗai kamar ɓarawo. Ka je ka faɗa masa ka yi kuskure, ka miƙa masa tiyonsa, ka ce ya nuna maka. Zai yi fushi. Bar shi ya yi, fushi ma abin yi ne ga wanda ke kwance.

Ka rubuto ko layi biyu ne, amma wannan karon ka faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

Antinka,
Melva

*

Tanunda, ƙarshen watan Satumba, 1991

Nevio,

Shiru ya yi yawa. Itatuwan almond sun yi fure sun zubar, ban ji daga gare ka ba. Na sa Ian ya buga waya, ba a ɗauka ba. In fushi kake da ni, ka yi, amma ka faɗa mini yadda Tullio yake.

Melva

*

Griffith, watan Oktoba, 1991

Zuwa ga Anti Melva,

Ina gaisuwa. Ba fushi nake ba, ko kaɗan. Baba ya rasu ranar Alhamis ta makon jiya, da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Mun binne shi kusa da Mama. Na hana a kira Ian don na san za ki ce sai kin zo, ga gwiwa ga nisa. In na yi laifi ki yafe.

Na yi yadda kika ce. Na karanta masa maganar Kawu. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, na tsorata, ashe dariya ce. Ya sa na maimaita wurin “ya fi ni kunne”. Sannan na durƙusa na ce, “Baba, na ɓata maka mota. Ka zo ka gyara, ni ne hannunka.” Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗaga hannun hagu ya ja mini kunne, da ƙarfi kuwa.

Daga nan kullum in na dawo daga lemo sai gareji, shi ya sa ba a samun mu a waya. Yana riƙe tiyo a kunne, ni ina kan inji. In ya nuna sama in buɗe ƙusa, in ya nuna ƙasa in rufe. In na wuce sai ya buga keken da zobensa. Na sha zagi da ido, Anti. Wata rana Bepi, abokinsa na wasan kati, ya leƙo ya ce, “Tullio, ko bakinka ya mutu ba ka fasa ba yaro wahala ba?” Baba ya yi masa alamar nan da yatsa da ba zan rubuta miki ba.

Likita ta yi mini faɗa a kan hayaƙi. Na buɗe ƙofofi duka, na juya salansa waje, muka ci gaba. Na ga yana cin abinci a kwanakin nan fiye da da.

Sau ɗaya muka kusa. Na saki totur ta yi tas, guda ɗaya, daidai irin na da. Idonsa ya buɗe tar, ya ɗago daga jikin keken. Na ce bari in ƙara ɗan kaɗan ta cika, na taɓa ƙusar baya, shi ke nan muryar ta gudu. Muka neme ta har rana ta faɗi. Bayan wannan ƙarfinsa ya fara raguwa, tiyon ma yakan zame masa, sai na ɗaure masa shi a jikin hula.

Ranar Lahadin ƙarshe na ɗauke shi daga gado na ji ba nauyi, kamar kwandon da ba komai a ciki. Muka fara. Ban yi nisa ba sai na ji bai buga keke ba, bai nuna sama ko ƙasa ba. Na ɗago. Ya cire tiyon ya ajiye a kan bargo. Hannuwana yake kallo, duk sun tsage da sanyin lemo, ga ƙunar inji. Sai ya dubi fuskata, ya ɗaga hannu, ya gyaɗa kai.

Anti, na san Baba. In mota yake saurare, ido a rufe yake, kai a karkace. Ranar idonsa a buɗe yake, a kaina. Kuma ni ma ina da kunne yanzu, shi ya koya mini. Ba ita ba ce. Ko kusa ba ta kai ta ranar nan ba.

Na ce, “Ita ce, Baba?”

Ya gyaɗa kai.

Na ce, “Ita ce kuwa. Ka ji ta.”

Na rufe bonet, na sa masa hular fata, na ɗauke shi na zaunar a kujera, na tokare shi da matashi. Muna fita na kai hannu zan sa giya ta biyu, sai ya make mini hannu, don ba ta karɓar ta biyu sai mai ya yi zafi. Na tsallake zuwa ta uku. Ya bar hannunsa a kan nawa har Yenda. A dawowa lemo ya fara fure, ƙamshi ya cika motar har ya danne warin fetur. Da muka zo kwanar gada na ɗaga ƙafa. Ta yi abin da ta iya. Ni ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Ranar jana'iza abokansa suka ce in bi bayan gawa da ita, na bi. A bakin coci Bepi ya dafa ta ya ce, “Yaro, motar nan ta canza murya. Kawo ta wurina, ina ganin zan iya tuno yadda take.” Na yi masa godiya na ce a'a. Da na koma gida na ɗiga jan fenti a kan ƙusoshin huɗu don kada su motsa. Na san ba muryarta ba ce, amma a nan ya ce in tsaya.

Ki gaida su Ian. Ki sa shi a addu'a.

Ɗanki,
Nevio